Ranar da Kawu Bai Zuba Ruwa Ba

A ofishin zanen gine-ginen da ke saman kantin fenti, kowa Kawu yake ce masa, har ogan da ya girme shi. Shekara ashirin da shida yana zana wa mutane gidaje, shi kuwa har yau yana gidan haya mai banɗaki ɗaya. Matarsa takan tsokane shi, wai ta auri mai zana bene amma a igiyar maƙwabta take shanya.

Abin da aka san shi da shi buta ce. Duk dillalin da ya kawo samfurin tayil, Kawu zai ajiye shi a ƙasa, ya tuttula masa ruwa, ya cire takalmi da safa, ya taka. In ƙafarsa ta zame ko yaya, magana ta ƙare, ko da kuwa tayil ɗin yana ɗaukar ido kamar madubi. Dillalai ba sa ƙaunar ganinsa. Shi ya sa duk shekara in kamfanoni suka kwashi masu zane zuwa ƙasar waje, a ga masana'anta a sha iska, ba a tunawa da shi. Sau biyu yana sabunta fasfo, ko tambari ɗaya babu a ciki. Yana cewa ko a jikinsa. Ƙarya yake yi, abin yana cin sa.

Bana sai ga sabon wakilin wani kamfanin tayil, mutum mai fara'a, ya dage lallai da Kawu za a tafi, kuma ba wani sharaɗi. Kwana takwas suka yi. Kawu ya shafa bangon gine-ginen da a mujalla kawai ya san su, yana ta murna kamar sabon ango. Rana ta huɗu gwiwarsa ta kumbura. Wakilin nan ya bar tawaga ya kai shi wurin likita, ya yini da shi, ya riƙa ɗaukar masa jaka. A filin jirgi har durƙusawa ya yi ya ɗaura masa igiyar takalmi. Kawu ya kau da kai don kada a ga idonsa, don ko ɗan cikinsa bai taɓa yi masa haka ba.

Da suka dawo, aikin da ke kan teburinsa sabon ɓangaren haihuwa ne na wani ƙaramin asibiti, mai dogon lungu daga ƙofa har ɗakunan kwanciya. Wakili ya zo da samfuri fari tas. Sai da ya tambayi gwiwa, ya tambayi mutan gida, sannan ya ɗora shi a tebur. 'Yan ofis duk suka ɗago kai suna jiran buta. Tana nan ƙarƙashin tebur, cike da ruwa. To amma da wane ido za ka kwara wa kayan mutum ruwa a gaban jama'a, mutumin da ya durƙusa a gabanka? Kawu ya shafa tayil da tafin hannu, ya ce ya yi kyau, ya sa hannu.

Da aka fita cin abincin rana ya kulle ƙofa ya zuba wa tayil ɗin ruwan, ya taka. Saura ƙiris ya fasa ƙeya da gefen tebur.

Waya ɗaya za ta gyara komai, ya sani. Kullum sai ya ce gobe. Abinci ya daina shiga, har matarsa ta tsare shi ya faɗa mata.

"Baban yara, kunyar mutum ɗaya kake ji," in ji ta. "Mata nawa ne za su taka wurin nan da tsohon ciki?"

Ya kira wakilin. Bai gama sallama ba wakili ya hau godiya, wai albarkacin wannan aiki an ƙara masa girma, kuma ba zai manta da Kawu ba har abada. Kawu ya taya shi murna, suka yi sallama. Lokacin da ya iya buɗe baki ya gaya wa oga, an riga an shimfiɗa tayil. Oga ya ce ai kayan suna da takardar inganci, Kawu dai ya rubuta wa asibitin a sa tabarmar roba. Ya rubuta sau uku, bai ga tabarma ba.

Mako guda da buɗe wurin ya je da safe, wai duba aiki. Mai goge-goge ta gama wanke lungun ke nan, ƙasa sai sheƙi take. Ga wata tsohuwa ta shigo da sanda da fulas, ta zo ganin jikarta. Kawu ya yi wuf ya karɓi fulas ɗin, ya ce, "Iya, riƙe hannuna." Suka kama hanya ta jikin bango, taku ɗaya-ɗaya. Tsohuwa kuwa sai yaba wuri take, tana cewa Allah ya yi wa wanda ya zaɓi wannan daɓe albarka, shi da zuriyarsa.

"Ka ce amin mana, ɗana."

Ya waiwaya, sai ga mata uku masu ciki sun shigo da silifas, suna tafe a tsakiyar lungu. Tsohuwa ta sakar masa duk nauyinta, ba damar ya sake ta. Ya ɗaga murya ya ce su bi ta jikin bango, amma hira suke yi, ba su ji shi ba.