Babur mai ƙamshin ƙosai

Kawuna Muntaka bai taɓa tambayar kowa komai ba tun da Allah ya halicce shi. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye gaba da Bagwai, kuma a ganinsa shi likita ne, shi alƙali, shi bakanike. Ni Sama'ilu, da na yi shekara goma sha biyar ina kwance inji a bakin tasha, yaro ne a wurinsa wanda bai san komai ba.

Dukiyarsa ɗaya ce, wani tsohon babur da ya girmi 'yarsa ta fari. Gonarsa ba ta kai a kira ta gona ba, don an raba ta gado har sau biyu. Da babur ɗin yake ɗaukar buhunan mutane zuwa Dawanau, da shi ake cin tuwo a gidansa mai baki tara. Idan ya tsaya, tukunya ta tsaya.

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, babur ya fara yoyon baƙin mai. Duk inda Kawu ya ajiye shi sai ya bar tabo a ƙasa. Na ce, "Kawu, kawo in duba maka."

Ya ce, "Ba ciwon sifana ba ne. Bakin mutane ne. Tun ranar da Sabo mai shayi ya ce babur ɗin nan ba ya tsufa na san za a rina."

Sai ya ɗaura masa laya a ƙarƙashin kujera. Yoyo bai ji ba. Ya shafe gindin injin da sabulu, ya liƙa cingam, ya naɗa roba. Ya ari sifana ya bi kowane noti yana ɗaurewa da ƙarfin mai huɗa, har jijiyar wuyansa na tashi. Wallahi da na ji labari sai da kaina ya yi ciwo.

Baƙin mai kuwa ya yi tsadar da ba ya iya saye. To matarsa Barira tana yin ƙuli-ƙuli, tana tatsar man gyaɗa tana sayarwa. Kawu ya zauna ya yi nazari irin nasa: mai ai mai ne. Kullum da safe idan ta shiga wanka sai ya tsiyayi kwalba guda ya ɗura wa inji. Wata uku yana haka. In ya wuce ta kasuwa mutane su riƙa waige suna neman mai ƙosai, in ya tsaya tururuwa ta yi layi a ƙarƙashinsa. Shi kuwa yana ta bugun ƙirji wai ya gano abin da Bature bai gano ba.

Ranar wata Laraba sai ga shi yana turo babur, gumi har gwiwa. Ya ce, "Ɗan duba fulogi, ina sauri."

Na taka kika, ta ƙi motsi kamar an dasa ta. Na kwance injin, na tara kwano. Abin da ya fito ba mai ba ne, wani abu ne mai danƙo kamar miyar kuka ta kwana. Fistin ya kama, injin ya buga. Duk da haka na ce sai na ga mafarin abin. Na wanke gindin injin tas, na bar shi ya bushe, na barbaɗa toka, na zuba mai kaɗan na jira. Wuri ɗaya tak tokar ta jiƙe, a notin da ake juye mai. Woshar da ke jikinsa ce ta tsage, 'yar abar da ba ta fi zobe ba. Ina da su cikin gwangwani, kyauta nake bayarwa.

Na ɗora masa ita a tafin hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kawu kawu ne, ba ni da bakin zagi. Na ce, "Ga masu bakin nan naka."

Ya juya ta, ya sake juyawa. Sai ya rage murya. "Sama'ilu, in Barira ta tambaya, ka ce tsufa ne."

Ban kai ga amsawa ba sai ga ta, ta shigo kasuwa sayen gyaɗa, an ce mata an ga maigidanta yana turi. Ta gaishe ni, ta dubi injin a warwatse, sannan ta durƙusa gaban kwanon. Ta sa yatsa ta shinshina. Macen da ta yi shekara ashirin tana tatsar mai ba a ɓoye mata nata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni na zaci gyaɗar bana ce ba ta da mai. Wata uku ina hana yara mai a miya don kwalaben sayarwa su cika."

Ta goge yatsanta da gefen zane, ta tambaye ni ko masu sayen tsohon ƙarfe suna zuwa ranar kasuwa. Na ce suna zuwa.