Alhaji Ya Janye Ƙarin Haya, Amarya Tana Ɗakinta

Jama'a, albishirinku! Amarya ba ta koma Warra ba, Alhaji ya janye ƙarin kuɗin haya, har da buhun albasa a sama. 'Yan uwana masu kula da gidajen haya, ku matso ku sha labari, don ni dai ranar nan ba za ta fita a kaina ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ɗalibi ne ni a nan Yelwa, kuma ni ke kula da gidan hayar Alhaji Mamman mai albasa. Aikin ba wani wahala: in karɓi kuɗi in kai mishi, in kira mai gyara in famfo ya lalace, in raba kuɗin wuta. Ladana shi ne ɗakin zaure kyauta.

A cikin 'yan hayarmu akwai Bala, mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin ruwa. Mutumin Shanga ne, maraya, ba ya da kowa a garin nan. Da zai auri Hauwa 'yar Warra bayan ƙaramar salla, sai ya roƙi Alhaji ya zama wakilinshi. Alhaji ya ji daɗi ba kaɗan ba. Ya ci babbar riga, muka cika mota muka tafi. A wurin ɗaurin aure kawun amarya ya ce sun ba da ita, cinta da shanta da suturarta da wurin kwananta suna wuyan ango. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Mun amsa!"

Amarya ta tare, ko lallen ƙafarta bai goge ba, sai Alhaji ya kira ni rumfarshi.

"Nura, ka tahi ka gaya ma Bala ya ciko rabin kuɗin shekara. Da shi ɗaya na, yanzu sun zan biyu. Ruwa biyu, wuta biyu."

Na ce, "Alhaji, ai ya biya shekararshi tun kaka. Ɗaki ka ba shi haya, ba kawuna aka ƙirga ba. In ƙari ne, sai shekara ta zagayo, a sanar da shi tun da wuri. Ruwa da wuta kuwa sai in ƙara musu kaso, shi ke nan."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Lauya ka koma? To, lauya, ɗakin zauren ma akwai masu so."

Mutumina, nan take na kama hanya.

Na samu Bala a bakin ruwa, hannu duk baƙin mai. Na faɗa mishi. Bai yi faɗa ba, ya dai zauna a kan wani tsohon kwalekwale. Biki ya cinye komai, ruwa ya ja baya, aiki ba yawa. Na ce mu je wurin mai unguwa, gaskiya tana gefenshi. Ya ce ina, ba zai kai ƙarar mutumin da ya tsaya mishi a matsayin uba ba. Gara Hauwa ta koma gidansu har ya tara kuɗin.

Washegari da hantsi Hauwa ta leƙo zaure da mayafinta, ta ce in raka ta gidan Alhaji. Na ɗauka roƙo za ta je yi. Ashe yarinyar nan ta fi mu duka kai.

Muka samu Alhaji yana karyawa a tsakar gida, matarshi Hajiya Inna tana gefe. Hauwa ta durƙusa can nesa, kai a ƙasa. Kun san amarya ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, don haka sai ta yi wa Hajiya raɗa. Hajiya ta saurara, ta gyara zama.

"Alhaji, ɗiyarka ta zo bankwana. Ta ce za ta koma Warra, wai wurin kwana ya gagara. To ta ce kai ka amshe ta hannun kawunta gaban liman, don haka kai za ka maishe ta. Yaushe za ku tashi?"

Alhaji ya ajiye cokali. "Ni?"

"To wa? Ni na ce mun amsa? Ka hiddo babbar rigar nan taka, in sa a goge. In kun isa ka gaya ma kawunta mai gidan haya ya kore ta. In ya tambayi sunan mai gidan, ka hwaɗi."

Wallahi sai da na ciji leɓe don kada dariya ta kufce. Alhaji ya kalli Hauwa, ya kalli kunun gabanshi. Can ya juyo kaina.

"Kai kuma, lauya, mi kake kallo? Ka gaya ma Bala a bar maganar. Ka biya rumfa ka ɗauko ma ɗiyata albasa."

Hauwa ta ce, "Na gode, Baba." Iyakar abin da na ji daga bakinta a gidan ke nan.

Abin da na koya a aikin nan: mai gida ba lallai mugu ne ba, wani lokacin lissafi ne ke rufe mishi ido har ya manta wanda ke cikin ɗakin. Amma ba kowane ɗan haya ne mai gidanshi ya karɓa wa aure ba. Don haka, 'yan haya, in kun san kuna da niyyar aure, ku yi maganar tun ranar karɓar makulli, a gaban shaidu. Kuma wanda ya biya shekararshi, shekarar tashi ce, ko ya kawo amarya ko bai kawo ba.

Don Allah ku tura wa duk wani gwauron da kuka sani a gidan haya.