Gashin da Ba Ya Sa Gumi

Inna ta fi kowa sanin gashi a Maruta. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, ita ake kira ta dafa ruwan darbejiya, ta yi mata wankan jego, ta zuba garwashi ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwantar da ita har gumi ya jiƙa zani. A wurinta sanyi ne uban kowace cuta, zafi kuma maganinta. Shi ya sa ranar da likita a Birnin Kudu ya ce bayan aikin da aka yi mata a nono sai an kai ta birni an yi mata gashi, ni ce na tsorata. Ita har murmushi ta yi, ta ce ashe asibiti ma sun dawo hanya.

Yayana a lokacin yana ƙasar waje. Ya gama digirinsa na uku, aka ɗauke shi horo a wani ɗakin bincike, kuma abin da yake koyo shi ne wannan gashin: yadda hasken na'ura ke kashe ƙwayoyin ciwon daji. Ya sha gaya mana shi ba likitan duba marasa lafiya ba ne, Inna ko a jikinta. Ni da na gama sakandare nake zaune, ni aka bar wa jinya.

Ranar farko a asibitin birni aka shigar da ita ita kaɗai, aka ja ƙofa mai kauri. Ban gama cin gyaɗar da na saya ba sai ga ta tana kakkarwa, mayafi har hanci. Ɗakin sanyi kamar cikin randa, na'urar ta yi ƙugi ta kewaya ta, ko taɓa ta ba ta yi ba.

"Yaushe za a fara gashin?" ta tambaye ni.

Na ce ai an gama na yau.

"Ke ma sun mai da ke sakarai. Ko gumi ban yi ba."

Na kira Yaya na miƙa mata waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ba wuta ba ce, wani haske ne da ido ba ya gani. Inna ta ce in haske ne, rana ta ƙare a Maruta ne da za a jawo ta birni? Na ƙwace wayar na ce masa duk karatun nan ya kasa fahimtar da uwarsa abu ɗaya. Ya ce da Turanci zai iya kwana yana bayani, da Hausa kuwa gashi ita ce kalmar da ya tarar. Na kashe wayar.

An ja mana kunne sosai: kada ruwan zafi ya taɓa wurin, kada a goge shi. Na yi ta nanata mata har ta sa mini suna 'yar sanda. Ta ci gaba da zuwa, amma don ɗanta kawai. Ƙarshen mako mukan koma gida. Wata Asabar na je Gwaram sayo magani, ina dawowa tun daga zaure na ji ƙamshin dafaffen darbejiya. Na tarar da ita da tsumma a hannu, tururi na tashi daga ƙirjinta.

"Taya su nake yi, auta," in ji ta. "Sun ɗura mini sanyi mako guda, dole a fitar da shi."

Fatar da ma ta yi baƙi ta yi laushi saboda na'urar. Ta saluɓe, ta zama gyambo. Likita ya ce sai ya warke za a ci gaba. Kafin ya warke, hoto ya nuna ciwon ya kai ƙashin baya. Likitan ya ce mai yiwuwa da ma ya riga ya kai, Yaya ma haka ya ce. Ni ban sani ba. Wanda nake jin haushi shi ne mutumin da ya fara kiran abin nan gashi, ko ma wane ne.

Yaya ya baro horonsa ya dawo, ya tarar da ita ba ta iya tashi. Kullum kukanta sanyi, ko da rana tsaka. Wata rana da la'asar ta ce in ɗora mata ruwa a tukunyarta ta wankan jego, yanzu ai ba mai hanawa. Na kalli Yaya. Ya fita, sai ga shi da ganyen darbejiya cike da hannu. Shi ya hura wutar, hayaƙi na sa shi hawaye, ko kuma haka ya so mu ɗauka. Na gasa mata baya da ƙafafu a hankali, yadda na ga tana yi wa masu jego, har gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta shafa, ta duba tafin hannunta.

"To, yanzu aka yi gashi," ta ce wa Yaya. "Ka koma ka gaya wa malamanku."

Ba ta kai lokacin kaka ba. Tukunyar tana nan bayan ɗaki a kife, matan unguwa sukan zo aro, ni kuma ba na bayarwa.