Mama Prudence da Masarar da Ta Ƙi Tsira

Ƙarfe shida Mama Prudence take barin gida a Mararaba, ta sha cunkoson hanya, amma duk da haka ita ce ke buɗe ɗakin gwajin iri na ma'aikatarmu. Duk irin da za a raba wa manoma sai ya bi ta hannunta. Takan ɗebi ƙwaya ɗari, ta jera a jiƙaƙƙiyar takarda, ta naɗe, bayan kwana bakwai ta duba nawa suka tsira. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Jumma'ar nan take ritaya.

Ba zan manta bara ba. An loda wa tirela huɗu irin masara, manoman Kwali da Abaji suna jira, hadari ya fara haɗuwa. Ta buɗe takardarta, ƙwaya arba'in da ɗaya kacal suka tsira. Ta sake gwadawa, haka dai.

Ina tsaye shugabanmu, Alhaji Badaru, ya shigo yana share gumi.

"Madam, an riga an sa ranar rabo. Ki sa hannu mana."

"Oga, yi haƙuri. Irin nan ya mutu. In sun shuka bai fito ba, damina ba za ta jira su ba."

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin da suka ruɓe. Daga nan ya ce a sauke kaya. Ashe zafin sito ne ya kashe irin.

Kwana goma sha biyu muka yi cikin fargaba, muna kallon sama, kafin sabon iri ya zo ta gwada shi. Casa'in da shida suka tsira! Alhaji ya zauna a kan buhu, ya cire hula, yana ta hamdala. Kwana uku bayan rabo ruwan shuka ya sauka.

Mama, ke ce kika tsaya tsakanin dubban gidaje da yunwa, kuma ba ɗayansu da ya san sunanki. Sun ci tuwonsu, sun sayar da ragowar, ba su taɓa jin abin da ya kusa faruwa ba.

Mun gode, mai gaskiyar ido. Allah ya ba ki hutu da lafiya. Ku da za ku gaji kujerarta, duk ranar da aka matsa muku ku sa hannu, ku tuna akwai wanda abincinsa na shekara yake ƙarƙashin bironku.