Ƙwan Lantarkin Malam Idirisu

Shekara goma sha tara ina gyaran kayan lantarki a Dutse, kuma ba na son dogon zance. In ka kawo mini rediyo, ko ta tashi ko ba ta tashi ba, magana ta ƙare. Amma akwai mutum ɗaya da zan yi zancensa, saboda ranar da ya kamata in buɗe baki a kansa shiru na yi.

Malam Idirisu manomi ne a wani ƙauye bayan Kiyawa. Gero yake yi da riɗi, da 'yan awakinsa a bayan gida. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, bokonsa kuma bai wuce aji huɗu ba. Rediyon mahaifinsa ce ta haɗa shi da harkar lantarki: ta mutu, ya kwance ta a ɓoye, ya kasa mayarwa, ya sha duka, tun daga ranar bai daina kwance abubuwa ba. Bai taɓa mai da abin sana'a ba. Da damina yana gona. Da rani yana zaure da ƙarfen dalmarsa da yake gasawa a garwashi, yana haɗa fitilar da ke kunna kanta in rana ta faɗi, da cajar waya daga batirin babur. Akwai wata 'yar na'urar ƙara murya da ya cusa cikin gwangwanin madara. Da ya nuna mini ita, tambayarsa na yi ko shayi ake haɗawa a ciki. Ya yi dariya ya mai da ita aljihu.

Yakan zo shagona ya tsinci matattun kayan da na zubar a kwali. Injiniya yake ce mini, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa.

Yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya. Duk abin da ya gyara, ba ya jona shi da wuta kai tsaye. Sai ya sa tsohon ƙwan lantarki, irin mai jan haske, a tsakanin soket da na'urar, wutar ta bi ta cikin ƙwan tukuna. In ya yi walƙiya ya dushe, lafiya lau. In ya kama haske ya tsaya, akwai inda waya ta haɗu a ciki, kuma ƙwan ne zai shanye wutar, na'urar ba za ta ƙone ba. Irin ƙwan nan ya yi wuya yanzu, farare ne suka cika kasuwa, su kuma ba sa yin wannan aikin. Guda biyu suka rage masa, yana naɗe su cikin tsohuwar hula.

"Malam Idirisu, ina da mitar awon wuta," nakan ce masa.

"Na sani, Injiniya. Ni dai tsoro ne ya yi mini yawa."

Bara, bayan an gama girbi, ya zo da amfilifaya, na'urar da ke tayar da lasifikar makarantar Islamiyyar ƙauyensu, ɗaure a bayan babur. Ta daina tashi, ga shi ranar Asabar za a yi saukar ɗalibai bakwai, har da autarsa Zakiyya. Ya ce abin ya fi ƙarfin zaurensa, shi ya sa ya kawo wa masu shi.

"Ba don maza na damu ba," ya ce. "Mu muna gaba, ko ba lasifika za mu ji. Mata kuwa cikin gidan shugaban makarantar suke zama, bayan katanga. Adama ce ta yi wahalar yarinyar nan, shekara shida tana karɓar haddarta tana daka. So take ta ji da kunnenta."

Adama matarsa ce. Na ce ya je, zan kawo da kaina.

Na buɗe, na ga wata 'yar aba da muke kira dayod ta ƙone, na canja, na auna da mita, ta nuna daidai. Kwana biyun nan ba mu da wuta a layinmu, janaretana kuma yana wurin gyara. Ban gwada ba. Na rufe na ɗaure.

Ranar Asabar da hantsi na isa. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, an rataye lasifika a bishiyar maina tana fuskantar gidan. Shugaban makarantar, Malam Abdulrauf, ya kama hannuna yana gaya wa mutane ga injiniya daga Dutse. Aka tayar da janareta, na jona. Fiyus ya tsinke nan take.

Malam Idirisu ya sunkuyo kusa da kunnena. "Kar ka sake jonawa. Bari in ɗauko ƙwan."

Ya tafi da sauri. Mutane suna kallona. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko a kawo ruwa ne?" aka yi dariya. Duk mai gyara a garin nan ya san abin da muke yi in fiyus ya tsinke kuma muna sauri: mu zare silin waya mu ɗaure wurin. Na gaya wa kaina janaretan ne ya turo wuta da ƙarfi. Sili ɗaya ake sawa, don ya tsinke kamar fiyus in wuta ta yi yawa. Uku na murɗe, don kar a sake yi mini dariya.

Na jona na ja da baya. Daidai lokacin Malam Idirisu ya iso da hularsa a hannu, ya durƙusa gaban na'urar. Ta yi gurnani, hayaƙi ya fito ta gefe da warin ƙonannen fenti. Shi ya fizge wayar daga soket. Abin da jama'a suka gani ke nan: Idirisu a durƙushe, hannunsa a kan na'ura, hayaƙi yana tashi.

"Haba Idirisu!" in ji wani dattijo. "An kawo mai aiki daga birni, sai da ka sa hannu?"

"Jagwalgwalon nan nasa dai!"

Malam Abdulrauf bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Idirisu, da ka bar masa."

Ina tsaye. Tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na ga Malam Idirisu ya zaro gidan fiyus ɗin, ya dubi wayar da na murɗa, ya sa a aljihu. Bai dube ni ba. Ya ce, "A yi haƙuri," ya tashi ya fita.

Aka fara karatu ba lasifika. Yara huɗu suka karanta, daga cikin gida ana ta aiko tambaya ko an fara. Zakiyya ce ta shida. Ana kan na biyar sai ga shi ya turo baburinsa har bakin katanga. Ya ciro gwangwanin madarar nan, ya jona da batirin babur, ya zura doguwar waya ta saman katanga da 'yar ƙaramar lasifikar rediyo a bakinta, ya ce a miƙa wa Adama. Ya jona makirufon makarantar, ya kai gaban yarinyar. Wasu suna murmushi. Mu a waje ba mu ji wani bambanci ba.

Zakiyya ta fara. Cikin gidan ya yi tsit. Da ta kai ƙarshen shafin, guɗa ta tashi daga bayan katanga, har sai da Malam Abdulrauf ya aika a ce su sassauta. Malam Idirisu yana tsugune gefen babur, ya danne waya a kan batiri da yatsa biyu saboda ba shi da abin maƙalawa. Haka ya riƙe har na bakwai ya gama.

Ban ci abincin walimar ba. Na ɗauki na'urar na koma Dutse, na kwance taransifomar da ta ƙone na sake naɗe ta da hannuna, mako uku. Na ɗauka wannan ya isa. A ganina aiki shi ne ban haƙuri. Da na mayar, Malam Abdulrauf ya ce Allah ya saka, na gyara ɓarnar Idirisu, kuma sun hana shi taɓa kayan makaranta. Na ce amin, na hau babur. Wata bakwai ina ɗauke da amin ɗin nan.

Na faɗa daga baya cewa ni na ƙona na'urar, a ƙofar masallacinsu bayan Juma'a, gaban dattijon nan da Malam Abdulrauf. Jimla huɗu ce, ta fi mini naɗin taransifoma wuya. Wasu ma sun manta da zancen. Malam Idirisu kuwa wata bakwai ana kiransa mai ƙona kayan makaranta.

Na same shi a zaure na tambaye shi me ya hana shi nuna wayar da ya sa a aljihu.

"Da na tsaya nunawa, da Zakiyya ta karanta ina can ina shari'a," ya ce. "Adama ta ji. Ka gano abin da ya tsinke fiyus ɗin kuwa?"

Na ce kwandensa ce, babbar abar da ke tara wuta, ta haɗe a ciki. Ban auna ta ba.

Ya gyaɗa kai. "Da ƙwan ya nuna."

Na ce ko zai ara mini ɗaya. Ya buɗe hular, ya ɗaga su yana duba silin ciki a hasken ƙofa, ya miƙo mini wanda ya fi lafiya. Yana nan a kan teburina, ɗaure a katako da soket a gefe. Masu kawo gyara suna tambaya me tsohon ƙwai yake yi a shagon mai mita, sai in ce na Malam Idirisu ne, na Kiyawa, shi ya koya mini.