Kaset ɗin da na kai Kwanyawa

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na gama sakandare na dawo Beli da sakamakon da bai isa ya kai ni ko'ina ba. Sa'o'ina da suka ci jarrabawa sun wuce Kano da Zariya, ni kuwa gonar gyaɗa ce ta karɓe ni. Abin da na mallaka a lokacin bai wuce keken da mahaifina ya rasu ya bari ba, sai wata rakoda mai cin manyan batura kamar ba ta san wahala ba.

A makarantar kwana na kamu da son kiɗan disko. Kada ku ɗauka wani gwanin rawa ne ni. Ban taɓa shiga gidan rawa ba, kuma Turancin da ake yi a waƙoƙin rabinsa wuce ni yake yi. Kiɗan kawai nake so, yadda yake bugawa a ƙirji. A duk ƙauyenmu babu mai wannan ciwon sai ni.

Mutum ɗaya ne ya rage min daga makaranta, abokina ɗan Kwanyawa, wanda gadonsa ke kusa da nawa a ɗakin kwana. Shi ma jarrabawar ba ta yi masa kirki ba, shi ma ya koma gona. Mun yi nisa da juna, don haka ranar kasuwar Rogo ce ranarmu. Akwai wani mai sayar da kaset da yake sarowa daga Kano, yana da rumfa da lasifika da batirin mota. A nan muke haɗuwa da wani malamin firamare da wani bakanike, mu huɗu ke nan masu son disko a duk faɗin kasuwar. In an saka sabon kaset, sai mu tsaya mu yi shiru kamar alƙalai, ya ƙare, sannan kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ni da abokina ba mu taɓa yarda da juna ba. In na ce fari, sai ya nemo baƙi ko daga ina ne.

A wannan tsakanin wani sabon salo ya fara shigowa. Babu jita, babu busa, mawaƙin ma sai can ba a rasa ba ya jefa kalma ɗaya ya yi shiru. Na'ura ce take buga komai. Ranar da mai kaset ya fara saka mana, bakanike ya saurara ya ce kamar janareto ne ya samu mai mai kyau. Malamin firamare ya jira, ya jira, sannan ya tambaya yaushe za a fara waƙar. Ni kuwa tsikar jikina ce take tashi.

Abokina ya girgiza kai. Ya ce, "Mutumina, wannan ba kiɗa ba ne. Mai kalangu yana gajiya, yana kuskure, in ransa ya ɓaci za ka ji a hannunsa. Wannan fa? Ko rasuwa aka yi a gidansu haka zai ci gaba da bugawa."

Na ce, "Kai dai saurari abin da yake shigowa ta ƙasa, a hankali, kamar hadari yana haɗowa."

Ya ce, "Hadarin da ba ya zubar da ruwa."

Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar, muka tafi masallaci muna yi, muka fito muka ɗora daga inda muka tsaya. Ina komawa Beli a kan keke ina tsara amsoshin da zan ba shi wata kasuwar.

Ba a daɗe ba ya zo min da labarin kawunsa ya samo masa aiki a wata masaƙa a Kaduna. Na yi masa murna, amma a baki kawai. Da za mu rabu ya ce duk sabon kaset a can zai fara fita kafin ya iso Rogo, don haka in ya dawo zai gaya min dalilin da ya sa kowannensu ba shi da daɗi.

Bayan tafiyarsa majalisar ta watse da kaɗan-kaɗan. Aka yi wa malamin firamare canjin wurin aiki. Bakanike ya yi aure ya koma sauraron kaset ɗin wa'azi, in ya gan ni ma sai ya ɗan kau da kai. Mai kaset ya cika rumfarsa da waƙoƙin Indiya, don su ake nema. Amma mutumin kirki ne, duk zuwan da zai yi Kano sai ya riƙo min guda ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin tebur. In ya miƙo min yakan ce, "Kai kaɗai ka rage, Allah ya ba ka lafiya."

Sai in koma gida in saurara ni kaɗai. Da rana in tafi da rakodar gona, in ajiye ta a gindin ɗorawa. Batir in ya yi sanyi in shanya shi a rana, kaset in mayar da shi baya da biro don kada in ƙona wuta a banza. In wani wuri ya yi min daɗi sai in ɗaga kai, babu kowa sai kunyoyin gyaɗa. Na taɓa gwada kai wani kaset teburin mai shayi. Ba a yi nisa ba wani dattijo ya ce in taimaka in cire injin niƙan nan, za su ji labaran duniya. Aka yi dariya, ni ma na taya su.

Mahaifiyata ba ta taɓa hana ni ba. Abin da takan ce kawai shi ne, "Wannan mai dakan taka har yanzu ba ta gama ba?" Wata rana da hantsi ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Kai da wa kake musu a ciki?" Na ce ni kaɗai ne. Ta leƙo, ta dube ni, ta dubi rakodar, ta saki labulen. Sai a lokacin na gane ashe a fili nake yi. In faɗi nawa, in faɗi abin da na san abokina zai ce, in ba shi amsa. Kuma abin kunya, ko a haka ma wani lokacin shi yake cin nasara.

Shekaru suka ɗan tura a haka, babu shi babu saƙonsa. Wata ranar kasuwa mai kaset yana ɗaure min kaya ya ce, "Mutuminka ai ya dawo. Tun kafin saukar ruwa aka gan shi a Karaye."

A lokacin har an fara cirar gyaɗa. Damina guda cur yana gida bai neme ni ba. Na ce a raina ya shiga birni ya ga manyan mutane, mu 'yan ƙauye mun yi masa kaɗan. Na yi fushi na wasu makonni, fushin da babu wanda ya san ina yinsa sai ni. Sai ga wani kaset ya iso wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na saurare shi sau ɗaya na ji ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Da muka gama kwashe gyaɗa, na sa sababbin batura, na naɗe rakodar da tsohon zanen mahaifiyata, na ɗaure a bayan keke na kama hanyar Kwanyawa da sassafe.

Rana ta take na isa. Na tarar da mahaifinsa a soro, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen Beli da amfanin gona. Sannan ya ce yana bayan gida a gindin mangwaro. Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Ɗan nan, ka yi haƙuri da shi." Na ɗauka rashin zumuncin yake nufi.

Na same shi zaune a kan tabarma ya ba ni baya, yana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama bai amsa ba. Na sake yi, shiru. Zuciyata ta ce ka gani ko. Sai da inuwata ta faɗa kan tabarmar ya zabura ya juyo. Ya rama sosai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana ta marhabin da murya sama, kamar muna tsallaken rafi da juna. Na tambaye shi yaushe ya dawo, ya ce alhamdulillahi. Na lura bakina yake kallo ba idona ba, amma ban kawo komai a raina ba. Ɗokin kaset ɗin ya rufe min ido.

Na kwance rakodar na ajiye a tsakaninmu. Na ga fuskarsa ta ɗan canza, sannan ya yi murmushi. Na danna. Kiɗa ya tashi, shi kuma ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa, yana buga yatsa a gwiwa. Can ya ce, "Ya yi daɗi."

Tun da nake da shi bai taɓa faɗar wannan kalmar a kan abin da na kawo ba. Ina cikin mamaki sai rakodar ta yi halinta, ta cinye zaren kaset ɗin. Kiɗan ya yi wata 'yar ƙara ya mutu. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan mangwaron. Abokina kuwa yana nan yana gyaɗa kai, yatsansa yana bugawa a gwiwa, idonsa a ƙasa.

Ban san iya tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Da ya ɗago ya ga fuskata, sai ya dubi rakodar, ya ga ba ta juyawa. Yatsan ya tsaya.

Shi ya fara magana. Ya ce a ɗakin injinan saƙa aka sa shi, inda ko wanda yake kusa da kai sai da hannu kuke magana. Da farko in ya tashi aiki kunnensa yakan yi ta ƙugi, kafin gari ya waye ya daina. Daga baya ya daina dainawa. Sai wani zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya rage kaɗan. A asibiti suka ce ba zai dawo ba.

Ya ce, "Na zo Rogo, kada ka ce ban zo ba. Na tsaya wajen masu gishiri na hango ka a rumfar, lasifika a saman kanka, bakinka yana ta motsi kana yi wa mai kaset bayani. Na daɗe a tsaye. Sai na juya."

Ko na yi magana ba lalle ya ji ba. Sai na ciro kaset ɗin na shiga mayar da zaren da biro, don dai hannuna ya samu abin yi. Da na gama ya ce in miƙo masa rakodar. Ya ɗora ta a cinya, ya ƙure murya, ya kifa tafin hannunsa a kan lasifikar, ya ce in danna.

Ya tsaya yana jin bugun a hannunsa. Can sai ya ce, "Wannan ai na san shi. Shi na yi ta ji a Kaduna daga safe har yamma. Mu a can biyanmu ake yi mu saurara, kai kuma saya kake yi."

Muka yi dariya har da hawaye, kowa ya goge nasa bai dubi ɗan'uwansa ba. Sannan ya juyo min da kunnen hagu ya ce, "Ƙasan ina jin sa a hannu. Gaya min abin da yake samansa."

Na matsa na sa baki a kunnensa ina ɗaga murya. Na ce akwai wani abu siriri kamar sarewa amma ba sarewa ba, yana zuwa yana komawa. Na ce yanzu wata mace ta shigo, kalma ɗaya take maimaitawa. Na ce yanzu komai ya ɗauke sai tafi. Yana ji yana taɓe baki. Ya ce kalma ɗaya tak, ita da aka haifa da baki? Haka muka ci fuska ɗaya ta kaset ɗin, muryata ta dushe, gyaɗar da yake ɓara kaji suka samu rabonsu.

Bayan la'asar na ɗaure kayana. Ya rako ni har bakin hanya, ya ce in gaida Inna. Na taka keke na yi nisa, na juyo na ɗaga murya na ce sai wata kasuwar, sannan na tuna. Yana tsaye dai yana ɗaga hannu. Ban taɓa jin nisan hanyar Beli kamar na wannan yammacin ba.

Zumuncinmu bai yanke ba. Na ci gaba da zuwa, wani lokacin da kaset, har kunnen hagun ma ya bi ɗan'uwansa. Daga nan na daina ɗaukar rakodar. Ya yi aure, ya hayayyafa, noma ya karɓe shi fiye da yadda ya karɓe ni. Yanzu duk mun yi furfura. In na je Kwanyawa mukan zauna mu sha fura, in nuna masa abu da hannu ya ba ni amsa da baki, galibi a kan taki da farashin gyaɗa.

Abin da ya tuna min da wannan duka shi ne yadda nake ganin yaranmu a nan intanet, sabon kiɗa yana fita kafin azahar sun cika wuri da musu, wannan ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba, wancan ya ce shara ne, har da zage-zage. Wasu sa'o'ina abin haushi yake ba su. Ni kuwa nakan zauna in karanta har ƙasa, kuma ba na jin haushin kowa. Na san yadda ake ji in mutum ya cika da magana a kan abin da yake so, ya duba gabas da yamma babu ko mai ƙaryata shi.

Har yau ina sauraron irin kiɗan nan, a waya yanzu, a ɓoye kada jikoki su yi min dariya. Kuma har yau in na ji wani sabo ya burge ni, abin da yake fara zuwa raina shi ne yadda zan kwatanta masa shi: me ke ƙasa, me ke sama, a ina macen take shigowa. Sai in shirya maganar tsaf, in ajiye wayar, in tashi in yi alwala.