Kujerar Mutanen Arewa a Ajin Malama Hilja

Malama Hilja Kumpula ta fara koyarwa a makarantar Reinvik, can ƙarshen arewacin Norway, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake sake gina garin a kan tokarsa. Ba ta da takardar shaidar malanta. An ɗauke ta ne saboda malaman kudu ba sa son zuwa inda rana ke ɓacewa wata da watanni, waɗanda suka zo kuma ba sa daɗewa. Don haka aikinta na shekara-shekara ne. Duk watan Mayu sufeton makarantu, wani dogo mai suna Haldorsen, zai sauka daga jirgin ruwa, ya zauna a ajinta, ya sha kofi a ɗakinta, ya ce an ƙara mata shekara guda. Aikin kuwa tafe yake da ɗakuna biyu da ke manne da makarantar. Nan take zaune da mahaifiyarta, Inna Kreeta, wadda gidanta ya ƙone tare da na kowa.

Inna Kreeta ba ta jin harshen Norway sai na sayen gishiri. 'Yar ƙabilar Kven ce, kamar rabin garin, kuma da harshen Kven ta raini 'yarta. Amma dokar makaranta ta ce daga bakin ƙofar aji zuwa ciki, harshen Norway kaɗai. Tsakanin aji da ɗakin Inna bangon katako ne siriri. Da rana tsohuwa takan ji 'yarta tana ce wa wani yaro, "A nan ba ma yin wannan harshen," da yamma kuma ta ji ta da shi tana tambayarta ko ƙafar ta yi sauƙi. Ba ta taɓa yi mata maganar ba. Takan dai sa ƙwayar sukari tsakanin haƙora, ta kurɓi kofi, ta dubi taga. Ranar da sufeto zai zo, ba sai an gaya mata ba, takan shige ƙurya ta jawo ƙofa.

Abin da aka san Malama Hilja da shi har garuruwan maƙwabta shi ne taron Eidsvoll. Kowace makaranta tana koyar da yadda wakilai suka taru a garin Eidsvoll, can kudu, a shekarar 1814, suka yi ta gardama har suka tsayar da tsarin mulkin ƙasa. A wasu wurare haddacewa ake yi. Ita kuwa takan jera bencina, ta lulluɓe su da jan ƙyalle, ta ba kowane yaro yankin da zai wakilta, ta ce su yi gardamar da kansu. Wa zai jefa ƙuri'a, mai gona kaɗai ko har da ɗan ƙwadago? A tsaya da ƙafar kai ko a haɗu da Sweden? Gudumar shugaban taro ita ce ta katakon nan da Inna ke bugun busasshen kifi da ita. Dokokin taro kuwa ba ta wasa da su. Ba mai magana sai da izini. Duk ƙudurin da ya sami mai goyon baya, sai an ƙirga hannuwa. Kuma kowace shekara takan faɗi magana ɗaya: "Abin da taro ya yanke, ko ni ban isa in warware ba."

A jajibirin sha bakwai ga Mayu, ranar bikin tsarin mulki, ake yi wa iyaye wasan, sufeto na zaune a gaba. Bara, yana ɗaure maɓallin kwat zai tafi, ya ce mata, "Malama Kumpula, in na baɗi ya yi kamar wannan, zan yi magana a tabbatar miki da aikin. Ki huta da wannan jiran." Ta riƙe maganar duk tsawon hunturu ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta sayi labule sabo ta rataya a ɗakin Inna.

Ranar da take rabon yankuna, wata yarinya mai suna Aune Niva, 'yar masunci, wadda aka ba birnin Bergen, ta ɗaga hannu.

"Malama, wa aka ba Reinvik?"

Eilif, sarkin tsokanar ajin, ya riga Malama amsawa. "Reinvik? A lokacin ai kifi ne kaɗai a nan, shi ma bai iya sa hannu ba."

Aka yi dariya. Aune ba ta yi ba. "To lardinmu na Finnmark fa? Ko arewa duka?"

Malama Hilja ta gyara jan ƙyallen da bai karkace ba. Ta ce an aiko da kira, amma hunturu ne, hanya kuma da nisa. Kafin saƙon ya iso a zaɓi wakilai, an gama taro kowa ya koma gida.

"Wato ba a jira mu ba."

"Akwai gaggawa, Aune. Ana tsoron yaƙi."

"Amma an ce mu bi."

"Tsarin namu ne mu ma. Zauna."

Kashegari ana tsakiyar gwajin wasan, wakiliyar Bergen ta nemi izini ta miƙe. Ta ce tana da ƙuduri: a ƙara kujera ɗaya ta mutanen arewa, kuma wanda zai zauna a kai ya yi magana da harshen da ya zo da shi daga gida.

Shugaban taro na shekarar Torleif ne, ɗan mai kanti, wanda iyayensa suka zo daga kudu. Ya waiwayi Malama. Tana tsaye jikin murhu, hannuwanta a naɗe.

Ya ce, "Wannan ba ya cikin littafi."

Aune ta ce, "Shugaba ba ya gardama, ɗan mai sukari. Kai dai tambayi mai goyon baya."

Eilif ya ɗaga hannu. "Ni wakilin Trondheim na goya. Ko don in ga me kifi zai ce."

Suka yi gardama irin wadda Malama ta daɗe tana so ta ji a ajinta. Wata ta ce ba a gyara abin da ya wuce. Wani ya ce to me ya sa ake ba su damar magana, in amsar tana rubuce tun da can? Wata ƙarama da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta miƙe ta ce kakanta ya ɗauki tuta kowace shekara har ya mutu bai san me ake cewa a jawabin ba, ta koma ta zauna. Duk wannan lokaci kalma ɗaya daga bakin murhu ta isa ta tsayar da zancen. Ba ta fito ba. Aka ƙirga hannuwa, masu so suka rinjaya, Torleif ya buga guduma.

Da yamma, rana na nan sama kamar yadda take yi a wannan watan, Inna Kreeta tana saƙa safar hannu, ta ce, "Yau gudumata ta sha bugu."

Hilja ta gaya mata abin da taro ya yanke.

"To, ai ke kika koya musu."

"Inna, sufeto zai zo."

"Kullum ma yana zuwa."

"Bana ba kamar kullum ba ce. In ya ji harshenmu a cikin aji, a gaban mutane, ban san me zai ce ba. Ƙila ba aikin, ba ɗakin nan."

Tsohuwa ta ƙirga idon saƙarta, ta dubi sabon labule, ta dubi murhu. Can ta ce, "Murhun nan yana ja da kyau. Na gidanmu na dā hayaƙi yake yi." Ta ci gaba da saƙa.

Hilja ta kwana biyu tana juya abin. In ta soke ƙudurin, yaran sun gane duk abin da take faɗa musu wasa ne. In ta bar shi, ta san inda tsohuwa mai ciwon ƙafa za ta yi hunturu mai zuwa: a wani lungu na gidan dangi, in an samu. A rana ta uku, da aka tashi daga aji, ta tsayar da Aune, don ita taro ya zaɓa ta zama wakiliyar arewa.

"Ba zan warware abin da kuka yanke ba. Kujera za ta kasance. Amma tunda a makare kiran ya iso, ki zo a makare, bayan an gama rantsuwa. Ki ƙwanƙwasa, ki shigo, ki zauna."

"Jawabina fa?"

"Roƙonki nake, Aune. Ba umarni ba ne."

Yarinya ta dubi bangon katakon nan. Ana jin tarin tsohuwa ta bayansa. Duk garin an san wanda ke zaune a ɗakin, an kuma san ɗakin na wane ne.

"To, na bar jawabin," in ji ta. Ta ɗauki jakarta, ta kai ƙofa, ta juyo. "Ko gaisuwa, Malama? Mutum ya shigo wa mutane haka, ba gaisuwa?"

Malama Hilja ta shiga goge allo. 

Ranar wasa aji ya cika. Masunta sun zo da rigunan coci, huluna a gwiwa, ƙamshin sabulu da na kifi na tashi tare. Sufeto Haldorsen na gaba, da ɗan kintinkiri mai launin tuta a ƙirji. Ana gab da farawa Hilja ta ɗaga ido ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Inna Kreeta, da baƙin kallabi da sanda, ta zagayo ta waje ta shigo, ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa.

Gardama ta yi kyau fiye da ta bara. Sufeto har ya yi dariya da Eilif ya ce wa wakilin manoma ya bar warin shanu a waje. Aka amince da tsari, yara suka riƙe hannuwan juna suka yi rantsuwar zama tsintsiya ɗaya. A ƙarshen layi kujera ɗaya na nan ba kowa, da jan ƙyallenta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Aune ta shigo cikin rigar fatar mahaifinta, wadda ta kai mata har ƙasa, da ragowar dusar ƙanƙara a kafaɗa, wadda ta ɗebo daga inuwar bango. Ta dubi wakilai masu riƙe da hannuwa, ta dubi kujerarta. Sannan ta yi gaisuwar da ake yi in an shiga gidan mutane, ta roƙon lafiya ga masu gida. Da harshen Kven ta yi ta, ba da ƙarfi ba.

Rabin mutanen ɗakin sun san amsar tun suna goye. Maza suka dubi hulunansu. Mata suka gyara zama. Hilja ta ji amsar ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye.

Daga bencin ƙarshe murya ɗaya ta amsa, yadda ake amsawa, har ta ƙara da abin da ake ƙarawa: "Shigo, 'yar nan, kin sha hanya."

Aune ta taka ta zauna a kujerarta. Torleif ya rasa abin yi, ya buga guduma. Aka tafa, da fari kaɗan-kaɗan.

Bayan an watse sufeto ya shigo shan kofi kamar kullum. Wannan karon Inna ba ta shige ƙurya ba. Tana zaune bakin taga da saƙarta.

"Wace ce wannan dattijuwa?"

"Mahaifiyata ce, yallaɓai."

"A nan take zaune?"

"Tun da na fara aiki."

Ya juya cokali a kofi ya daɗe. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma akwai na sama da shi. Ya ce yaran sun iya magana, babu shakka. Ya ce zuwan a makare dabara ce mai kyau, kuma gaskiya ce. Ya ce amma daga yanzu a tsaya kan abin da ke cikin littafi. Ya miƙe yana ɗaure maɓallin kwat, Hilja na kallon yatsunsa.

"Shekara guda, Malama Kumpula."

Zancen tabbatarwa bai sake fitowa daga bakinsa ba, ita ma ba ta tuna masa ba.

Da jirgi ya tashi, Inna ta ce, ba ta ɗago daga saƙa ba, "Yarinya ta gaishe mu. Yaya zan yi?"

"Ba komai, Inna. Ƙafar fa?"

"Tana nan."

Haka Malama Hilja ta ci gaba, shekara guda bayan shekara guda, duk watan Mayu tana sauraren ƙahon jirgi. Inna ta rasu a ɗakin nan mai labule, kusa da murhun da ke ja da kyau. Daga baya aka janye dokar harshen, a lokacin yaran garin da yawa ba su ma iya amsa gaisuwar ba. Wasan Eidsvoll bai tsaya ba, sai dai ya koma bin littafi, ba a kuma ƙara ƙwanƙwasa ƙofa ba. Maganar nan ta cewa ko ita ba ta isa ta warware ba, ta daina faɗinta. Amma duk shekara in tana jera bencina, takan jawo kujera ɗaya ta ajiye a ƙarshen layi, ta lulluɓe ta da jan ƙyalle. In wani yaro ya tambaya ta wace ce, sai ta ce ta ajiye guduma ce.